Kano a Tsofaffin Taswirori da Hotuna: Abin da Suka Adana da Yadda Ake Karanta Su

Wanda ya hau Dutsen Dala a yau ya dubi yamma, babu abin da zai gani sai rufin kwano da benaye har iyakar ganinsa. Wanda ya tsaya a wurin nan fiye da shekara 170 da suka wuce kuwa, gonakin dawa da gero zai gani, da dabino da rimi jefi-jefi, sannan can nesa ganuwa ta yi wa gonakin zobe. Ba daga bakin kakanni kaɗai aka san haka ba. Akwai taswirar da ta nuna shi, akwai zane, daga baya kuma hotuna suka zo suka tabbatar.

Sha'awar irin waɗannan kayayyaki ta ƙaru ƙwarai a 'yan shekarun nan. Za ka shiga kanti a Kwari ko ofis a Sakatariyar Audu Baƙo ka tarar an rataye hoton dalar gyaɗa ko na wata tsohuwar ƙofa, kuma da zarar irin wannan hoto ya faɗa hannun jama'a sai muhawara ta kaure a kan wace unguwa ce, wace shekara ce, gidan wa ke can gefe. Begen garin da aka taso a ciki ne ke jawo wannan, kuma ba laifi ba ne. Matsalar ita ce da yawa daga cikin hotunan da ke yawo suna ɗauke da shekarar da ba tasu ba, wasu ma da sunan garin da ba nasu ba. Wannan maƙala ta tattaro abin da ya tabbata game da waɗanda suka zana Kano da kewayenta, da waɗanda suka ɗauke ta a hoto, da inda kayan suke a yanzu.

Kafin zuwan na'urar hoto

Mutanen ƙasar Hausa suna da tasu hanyar adana sanin ƙasa tun kafin takardar taswira ta iso. Madugun da ke kai ayari Gwanja sayen goro yana riƙe da hanyar a ka, zango bayan zango, da rijiyoyi da mashigan koguna da wuraren biyan fito. Sunayen unguwanni su ma taswira ce a dunƙule: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa da Ayagi kowace tana faɗin daga inda mazaunanta na farko suka fito, Soron Ɗinki da Dukawa kuma suna faɗin sana'ar da aka san wurin da ita.

Fitacciyar taswirar da ta fito daga hannun mutanen ƙasar nan a ƙarni na 19 ita ce wadda aka ba Bature Hugh Clapperton a Sakkwato a 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka kuma buga ta a Landan a 1826 cikin littafin tafiyar da ya yi tare da Dixon Denham. Akwai abin lura a kanta. Taswirar ta nuna Kogin Kwara ya miƙe gabas zuwa Nilu, alhali Clapperton ya rubuta cewa Bello da kansa ya zana masa kogin a kan rairayi yana faɗawa teku. Wannan saɓani ya sa wasu masana ke ganin da gangan aka karkatar da takardar don kada a nuna wa baƙo ƙofar shigowa ta ruwa. Sai a 1830 'yan uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi kogin har bakin teku. Tun daga wancan lokaci ke nan taswira ba ta rabuwa da manufar wanda ya zana ta.

Clapperton ya shigo Kano ranar 20 ga Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce kewayen ganuwa ya kai mil 15, tsayinta ƙafa 30, ƙofofinta 15, kuma gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikinta ba. Kasuwar Kurmi ta burge shi saboda tsarinta, har ya sayi wata koriyar laima ƙirar Ingila a can a kan azurfar Sifen uku, kayan da suka ratso Sahara kafin su iso rumfar mai sayarwa.

Taswirar Abdulkarim

Wanda ya bar mana taswirar da har gobe ake komawa gare ta shi ne Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim. Ya iso Kano a watan Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, ya sauka a unguwar Dala inda fataken Larabawa ke zaune, ya kuma sake biyowa ta birnin a 1854 a hanyarsa ta dawowa daga Tumbuktu. Littafinsa ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858.

Abin da ya bambanta Barth da sauran matafiya shi ne yana jin Hausa, kuma yana da haƙurin tambaya. Taswirarsa ta Kano ta nuna ganuwa da ƙofofi, da Dala da Goron Dutse, da gidan sarki da kasuwa, sannan ya jero sunayen unguwanni masu yawa. Mai karatu na yau zai gane Madabo, Adakawa, Limanci, Agadasawa da Yola duk da yadda harshen Bajamushe ya lanƙwasa rubutunsu. Ya nuna cewa mutane sun taru ne a kudu maso gabashin birni, daga gindin Dala zuwa ganuwa, sauran filin kuwa gonaki ne. Ya nuna Jakara a matsayin babban tafki da ya raba gari biyu, Haɓe sun fi yawa a arewacinta, Fulani a kudu. Wanda ya san Jakara ta yau kawai, wadda aka mayar magudanar kankare, aikin titin Wuju-Wuju kuma ya bi ta kanta, da ƙyar zai yarda cewa ruwanta ne ya taɓa tsara yadda birnin ya zauna.

'Yan kasuwa za su so jin ƙiyasinsa. Ya ce mazauna birnin kusan 30,000 ne, amma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari ke sauka, adadin kan kai 60,000. Ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar a shekara ba su gaza na wuri miliyan 300 ba, ana kai su har Tumbuktu da Murzuk da Tarabulus.

Shahararren zanen nan na Kano daga kan Dala, mai soraye da dabino, daga littafin Barth ya fito. Sau da yawa ana yaɗa shi a matsayin hoto, alhali zane ne. Barth ya yi zayyanar farko da hannunsa, wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, ya gyara ta don bugawa, shi kuwa bai taɓa taka Kano ba. Don haka tsarin gari a zanen abin dogaro ne, amma kyawun itatuwa da tsayin soraye akwai hannun mai ado a ciki. Barth ya yi wa Katsina da Agadas irin wannan taswira. Ɗaya daga cikin yaran da suka yi masa rakiya har Ingila, Dorugu, ya dawo ya ƙare rayuwarsa a Kano, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa, ya rasu a 1912.

Ganuwa da ƙofofinta

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1095 zuwa 1134. An faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka sake faɗaɗawa zamanin Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17. Waɗannan matakai uku suna fitowa fili a hotunan da aka ɗauka daga sama, domin sawun tsofaffin katangun ciki ya daɗe yana bayyana a ƙasa bayan sun zube.

Hotunan ganuwa mafi tsufa da aka fi sani na lokacin zuwan Turawa ne. Dakarun Kanar Morland sun ci birnin ranar 3 ga Fabrairun 1903 ta ɓangaren Ƙofar Kabuga, a lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato. A rahotonsa, Gwamna Lugga ya ce kewayen ganuwar mil 11 ne, ƙofofinta 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kusan ƙafa 40. Bambancin da ke tsakanin alƙalumansa da na Clapperton bai kamata ya ruɗa kowa ba. Clapperton ƙiyasi ya yi, kuma ƙofa abu ce da ake toshewa ake buɗewa gwargwadon halin tsaro. A yau ana lissafa 15: Nassarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi, sai Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo, waɗanda aka huda a zamanin Turawa.

A tsofaffin hotuna ƙofa rami ce mai duhu a cikin katanga mai kauri, faɗinta daidai raƙumi da kayansa, da ƙyaure mai sulken ƙarfe. Mota ce ta fara cin ƙofofin, domin kowane faɗaɗa titi sai ya ci wani abu daga jikinsu. H. L. B. Moody ya bi ganuwar ƙofa bayan ƙofa ya rubuta halin da take ciki, Sashen Kayayyakin Tarihi na Tarayya ya buga aikin a 1969, kuma shi ne ma'aunin da za a gwada abin da ya rage da shi. An sa ganuwar a jerin wucin gadi na wuraren tarihi na UNESCO a 2007. Bayan shekara uku, a 2010, aka rushe Ƙofar Na'isa don aikin hanya, aka sake gina wata a madadinta. A wurare da dama yau gidaje da shaguna ne a kan badala, kuma in ba da tsohuwar taswira a hannu ba, mutum ba zai iya nuna inda katangar ta bi ba.

Taswirar mai karɓar haraji

Turawan mulki ba don sha'awar tarihi suka auna ƙasa ba. Haraji suke nema, da hanyar jirgi, da iyaka. A zamanin Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, aka shigo da tsarin taki a gundumomin da ke kewaye da birni, inda malaman taki ke auna gona da tafiyar ƙafa a yanka mata kuɗi gwargwadon girmanta. Daga baya En'e ta Kano ta samu nata sashen safiyo, 'yan ƙasa suka koyi awo da zane, aka riƙa fitar da taswirar gonaki ɗaya bayan ɗaya da sunan mai kowace. Manomin wancan zamani bai yi murna da ganin ɗan safiyo ba, amma jikansa da ke shari'ar gado a yau zai so ya samu takardar.

Taswirorin wajen ganuwa kuwa labarin wariya suke bayarwa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A takarda za ka ga birni da lungunansa a murɗe kamar saiwar itace, sannan Sabon Gari da layukansa a miƙe kamar an ja su da zare. Fagge, tsohon zangon fatake, tana tsakani, kusa da ita kuma filayen da aka ba Kwarori, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. Can gabas Nassarawa da Bompai, mazaunin Razdan da bariki. Dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar kare su daga sauro da cuta. Irin wannan fili ne a garuruwa da yawa ya zama wurin sukuwa da wasan holo da gwaf, shi ya sa har yau ake samun makeken fili a tsakiyar gari ba a san dalilinsa ba.

Iyakar arewa ma a kan takarda aka fara yanka ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, aka yi ta gyara shi har zuwa 1906, sannan aka bi aka kafa turaku. Taswirar da ta girmi wannan layi tana nuna Katsina da Maraɗi, ko Kano da Damagaram, a kan hanyar fatauci guda babu wani shinge a tsakani.

Hoto daga ƙasa, hoto daga sama

Yawancin hotunan farko jami'an mulki da sojoji da 'yan mishan da ma'aikatan kamfanoni ne suka ɗauka, kuma abin da ya ba su mamaki suka ɗauka: ƙofa, kasuwa, karofin Ƙofar Mata, dogarai, hawan daba kamar wanda aka yi wa Yariman Wales a 1925. Cikin gida, da rayuwar mata, da tsakar dare a makarantar allo, ba su cika fitowa ba. Sunan sarki da na Razdan kan samu shiga bayan hoto, amma mai rini da mai ɗaukar kaya sun tafi babu suna. Mai kallon waɗannan hotuna ya riƙa tunawa cewa Kanon da baƙo ya gani ce a gabansa, kuma baƙo, in ji Hausawa, ko da ido makaho ne.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamban 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. Bayan shekara biyar wani matuƙi ɗan ƙasar Siwizalan, Walter Mittelholzer, ya biyo ta Kano a tafiyarsa ta zuwa Tafkin Chadi a ƙarshen 1930 da farkon 1931, ya ɗauki birnin daga sama. A ganina babu hotunan da suka kai nasa amfani ga mai son sanin tsohuwar Kano. Gari ne na ƙasa zalla, soraye da zankwaye, babu kwano sai ɗaiɗai, lunguna suna bi ta tsakanin katangu, kuma ko'ina ka duba kududdufi ne. Waɗannan kududdufai ramukan da aka haƙi ƙasar tubali ne, kowace unguwa da nata, kuma su ne ke shanye ruwan damina. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Duk wanda ke mamakin yadda ruwan sa'a biyu ke shiga ɗakuna a wasu unguwannin cikin birni, ya ɗora taswirar yau a kan hoton 1930 ya ga abin da ke ƙarƙashin gidajen. Mai shirin sayen fili a cikin gari ma zai amfana da wannan gwaji kafin ya biya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga ɗaukar ƙasa daga sama bisa tsari. Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka a 1946, jirage suka riƙa bin ƙasa layi-layi suna ɗauka, daga hotunan kuma aka zana taswirori masu ma'aunin 1:50,000, wato santimita biyu a takarda daidai da kilomita ɗaya a ƙasa. A irin wannan taswira ana ganin ƙauye da unguwanninsa, da burtali, da fadama, da hanyar ƙafa. Tsarin raya birnin Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya jagoranta, shi ma ya zo da taswirorinsa, kuma yana da daɗin dubawa domin a ga Kanon da aka yi niyya a gwada da wadda aka samu.

Sai dalar gyaɗa, wadda ta fi kowane hoto farin jini. Ana danganta fara ta da Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, kuma ana ƙiyasta cewa babbar dala kan ci buhu 15,000. An yi su a Ƙofar Mazugal da wasu wurare a birni, da garuruwan kan layin dogo irin su Malam Madori. Hoton arziki ne, babu musu. Amma dala tana tashi ne saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashe gyaɗar da sauri zuwa Ikko, har wata kan kwana shekara tana jiran tarago. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshenta.

Ƙauyukan da birni ya haɗiye, da waɗanda ruwa ya ci

Tsohuwar taswira ta fi yi wa ƙauye amfani fiye da birni, domin birni yana da marubuta, ƙauye kuwa sau da yawa ɗigon nan na takarda shi ne kaɗai shaidarsa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi amfani da hotunan sama wajen nazarin karkarar da ke kewaye da Kano a shekarun 1960, inda ya nuna yadda jama'a masu yawa ke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, da taimakon takin da jakuna ke kwasowa daga birni su koma da itace. Polly Hill ta zauna a Ɗorayi a farkon shekarun 1970 ta rubuta littafi a kanta a matsayin karkara mai gonaki da manyan gidajen gandu, aka buga shi a 1977. Yaron da aka haifa a Ɗorayi yau bai san ta da wata kama ba sai ta unguwa mai cunkoso. Haka labarin yake a Hotoro, Sharaɗa, Kawo da Giginyu.

Waɗannan ko ba komai sunansu ya tsira. Akwai waɗanda madatsun ruwa suka shafe. Da aka gama Madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse, aka tashi dubban mutane daga garuruwan bakin Kwara har zuwa ƙasar Yawuri. Madatsar Tiga ta zamanin Gwamna Audu Baƙo ita ma ta tashi ƙauyuka. Ga zuriyar waɗannan mutane, taswirar da aka zana kafin ruwa ya hau ita ce kaɗai wurin da za su ɗora yatsa su ce nan ne garinmu.

Mai neman garinsu a tsohuwar taswira ya yi haƙuri da rubutun Turawa. Clapperton ya rubuta Sakkwato da Sackatoo, Katsina da Kashna. Gari kan tashi ya bar kufai ya koma bakin titi ko tashar jirgi da sunansa, don haka ɗigon 1910 ba lallai ne ya zauna inda garin yake yau ba. Suna ma kan yi ƙaura: Abujar da ke taswirorin da suka girmi 1976 ita ce Suleja ta yanzu.

Yadda ake gane shekarun hoto

Ƙa'ida ta farko mai sauƙi ce. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto, saboda haka duk abin da aka ce hoton Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, wanda ya rasu a 1817, ko na Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ƙarya ce ko da wa ya turo shi. Haka duk hoton da aka rubuta wa Kano a 1800.

Bayan wannan sai a dubi abin da ke cikin hoton. Jirgin ƙasa na nufin bayan 1911. Turakun lantarki da famfon unguwa a cikin birni na nufin daga farkon shekarun 1930. Idan babban masallacin Juma'a ya fito da doguwar hasumiyarsa ta ƙasa, hoton ya girmi ginin dutse mai hasumiya biyu da aka kammala a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Tutar Ingila a kan ofishin gwamnati na nufin kafin Oktoban 1960. Motoci na bin hagu, to kafin canjin hannu na Afrilun 1972 ne, sai dai a kula, domin wani lokaci ana juya hoto wajen wankewa, kuma rubutun allon kanti ne zai tona hakan. Farashi da fam da sule a jikin allo na nufin kafin Janairun 1973, lokacin da Naira ta fito. Fuskar sarki ma kalanda ce: Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, sai Muhammadu Sanusi har 1963, sai Muhammadu Inuwa na 'yan watanni, sai Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014.

Gine-ginen ƙasa na Zariya da Katsina da Damagaram suna kama da na Kano, shi ya sa ake yawan musanya su. Dutse ba ya ƙarya: in Dala ko Goron Dutse sun fito an huta, in kuwa Kufena ce a baya, to Zariya ce. Launin da ake shafa wa tsofaffin hotuna da manhajar kwamfuta hasashe ne kawai, na'urar ba ta san kore ko ja ne rawanin dogari ba. Yanzu kuma an shiga zamanin da ake ƙirƙirar hoton da ba a taɓa ɗauka ba, don haka hoton da ba a faɗi ma'ajiyar da ya fito ba, a riƙe shi da hannu biyu-biyu.

Inda kayan suke

A Kano, Gidan Makama yana da tsofaffin hotuna da wasu daga cikin ƙyauren ƙofofin birni na asali. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantarsa a 1909, nan ne mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, mai riƙe da takardun En'e. A Kaduna akwai reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda fayilolin lardi-lardi suke. Mai neman tarihin ƙauyensu ya tambayi rahoton ƙiyasin haraji na gundumarsu da littafin bayanan gunduma, domin Di'o kan haɗa da taswirar hannu, da jerin ƙauyuka da dagatai, da yawan jama'a da dabbobi da kasuwanni. Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a gidan Sardauna, yana da nasa tarin. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu. Ga mai son karatu da Hausa, Kano ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Abubakar Dokaji abokin tafiya ne mai kyau ga kowace taswira.

Abin takaici, da yawa daga cikin mafi kyawun kayan suna waje, sai dai intanet ta rage nisan. Hotunan Mittelholzer suna ɗakin karatu na jami'ar ETH da ke Zurich, an kuma sake su kyauta. Ma'ajiyar Takardun Ingila da ke Kew ta ɗora hotunan Ofishin Mulkin Mallaka a intanet tun 2011. Hotunan E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana editan mujallar Nigeria, suna Jami'ar Northwestern a Amurka, na Eliot Elisofon kuma, wanda ya zo a 1959, suna cibiyar Smithsonian. Hotunan sama na hukumar safiyon nan suna birnin Edinburgh. Littafin Barth da na Clapperton sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun su kyauta. Wajen nema a gwada rubutun suna iri-iri, na da da na yanzu.

Akwai kuma ma'ajiyar da babu wanda ya lissafa: akwatunan ƙarfe da ke ƙarƙashin gadaje, da hotunan ɗaurin aure da na tafiya Makka da na rufe makaranta, waɗanda masu hoto na Sabon Gari da Fagge suka ɗauka. Su ne ke da abin da hoton Bature ya rasa, wato sunaye. Gara da laima da zafi su ne abokan gabansu. Kada a manne su da leda mai zafi, domin ba ta ɓaruwa kuma tana cin hoton a hankali. A sa su a ambulan na takarda, a ajiye nesa da ƙasa da bango mai jiƙa. A ɗauki kowanne da waya a cikin inuwa mai haske, gaba da baya, a tura wa 'yan uwa biyu ko uku. Sannan a zauna da dattijon da ya rage a gidan, a rubuta a bayan hoton da fensir, ba da biro ba, sunan kowa daga dama zuwa hagu, da unguwar, da sarkin da ke kan gado a lokacin in an manta shekarar.